Catherine Booth: Matar da ta buɗe wa mata ƙofar mumbari

A wata Lahadi cikin shekarar 1860, ana dab da tashi daga sujada a wata majami'a da ke Gateshead a arewacin Ingila, matar limamin cocin ta miƙe ta nemi a ba ta dama ta yi magana. A zamanin, galibin majami'u na kallon wa'azin mace a bainar jama'a a matsayin abin kunya. Mijinta, William Booth, ya ba ta wuri, kuma daga ranar Catherine Booth ta shafe kusan shekara 30 tana wa'azi.

An haife ta ranar 17 ga Janairun 1829 a garin Ashbourne, a gidan mabiya ɗariƙar Metodis. Rashin lafiya ya sha kwantar da ita tun tana ƙarama, sai ta duƙufa ga karatun Littafi Mai Tsarki da littattafan tauhidi. Ta auri William a 1855, suka haifi 'ya'ya takwas.

A 1859 wani limami ya soki Ba'amurkiya mai wa'azi, Phoebe Palmer. Catherine ta mayar da martani da ɗan littafi, inda ta kafa hujja da mata irin su Debora da Hulda, da kuma matan da, bisa Linjila, suka fara kai labarin tashin Almasihu. A fahimtarta, umarnin Manzo Bulus cewa mata su yi shiru ya shafi surutu da tambayoyin da ke hargitsa taro ne, bai haramta wa'azi ba.

Da mijinta ya fara aiki tsakanin talakawan gabashin Landan a 1865, wa'azin da take yi wa masu hali a yammacin birnin shi ya riƙe gidan, ya kuma samo wa aikin masu tallafi. Ƙungiyar ce ta koma Salvation Army, wato Rundunar Ceto, a 1878, kuma ta bai wa mata damar wa'azi da riƙe muƙamai daidai da maza.

Ba a mumbari kaɗai ta tsaya ba. A 1885 tana cikin waɗanda suka matsa wa majalisar dokokin Birtaniya lamba kan safarar 'yan mata, har aka ɗaga shekarun da doka ke kare yarinya daga 13 zuwa 16.

Ciwon dajin mama ya yi ajalinta ranar 4 ga Oktoban 1890, tana da shekara 61. Ƙungiyar ta iso Legas a 1920, kuma a 1934 'yarta Evangeline ta zama mace ta farko da ta shugabance ta a duniya baki ɗaya. Har yau majami'u sun rabu kan naɗa mata limanci, sai dai masu goyon baya na ci gaba da kafa hujja da ayoyin da ta kafa da su.