Giuseppe Fiorelli (1823–1896) da Gine-ginen Pompeii

An haifi Giuseppe Fiorelli a birnin Napoli a 1823. Kafin a damƙa masa tonon Pompeii, garin da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, masu tono kan fasa gida ta gefe don kwashe kayan ado, bango ya rufta. Shi kuwa ya sa a riƙa ɗebe toka daga sama, hawa-hawa, domin a wurinsa ginin kansa shaida ne.

An fi tuna shi da siffofin mamata da ya fitar a 1863, ta hanyar ɗura filasta a guraben da gawarwaki suka bari. Sai dai aikinsa mafi amfani ga manazarta shi ne raba garin shiyya-shiyya da bai wa kowace ƙofa lamba, tsarin da ake bi har yau. Ya rasu a Napoli a 1896.