Stephen Gray: Ɗan marinin da ya gano hanyar da lantarki ke bi

Duk wanda ya bi hanyar Tsafe zuwa Gusau, ko ya zarce ya nufi Bunguɗu, zai ga turakun wutar lantarki jere a gefen titi. Idan ya ɗaga kai zai lura cewa wayar ba ta taɓa jikin turken ba. Tsakaninsu akwai wasu 'yan faya-faye na tangaran ko gilashi, su ne ke riƙe da ita. Wuta na gudu cikin wayar, amma idan ta zo kan tangaran sai ta rasa hanya. Ba don haka ba, da ta gangara ta jikin turken ta shige ƙasa, kuma da duk wanda ya jingina da shi ya gamu da ajalinsa.

Ɗaliban ƙaramar sakandare suna haddace wannan a darasin kimiyya: akwai abubuwan da ke wucar da lantarki kamar ƙarfe, akwai masu tare shi kamar roba da gilashi. Abin da littafin aji ba ya faɗa shi ne sunan wanda ya fara rarrabe su. Wani tsoho ne ɗan Ingila mai suna Stephen Gray, wanda ya gano hakan a 1729 yana da shekara 62, a lokacin da yake zaune a gidan sadaka saboda ba shi da abin hannu.

An haifi Gray a garin Canterbury a ƙarshen 1666. Mahaifinsa marini ne, shi ma a rini ya tashi. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya san irin wannan sana'a: sunkuyo ne wuni guda, hannu cikin ruwa, ga ɗaga tsumma mai nauyi. Gray bai yi jami'a ba. Ilmin kimiyya da kansa ya koya, ta hanyar aron littattafai daga abokansa masu hali. Rini ya bar masa ciwon jiki, amma ya bar masa wani abu da malaman jami'a ba su da shi, wato sanin zare. Ya san bambancin alharini da rama da ulu, ya san wanda ke shan ruwa da wanda ba ya sha. Wannan ilmin ne ya yi masa rana bayan shekaru masu yawa.

Farkon abin da ya ɗauki hankalinsa taurari ne. Yana goge gilashin madubin hangen nesa da hannunsa, yana lura da husufi da baƙaƙen ɗigogin da ke fitowa a fuskar rana. A 1696 mujallar Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, ta buga bayaninsa kan yadda ɗigon ruwa zai iya zama madubin ƙara girman ƙananan halittu. Ingancin aikinsa ya sa ya ƙulla abota da John Flamsteed, masanin taurari na farko da Sarkin Ingila ya naɗa a Greenwich.

Wannan abota ta zame masa alheri da kuma ƙaya. Flamsteed ba ya ga maciji da Isaac Newton, wanda ya zama shugaban Royal Society a 1703 ya kuma riƙe kujerar har mutuwarsa. Rigimarsu ta kai ga an buga kundin taurarin Flamsteed a 1712 ba da yardarsa ba, shi kuwa da ya samu dama sai ya tattara kwafi 300 cikin 400 ya cinna musu wuta. Idan giwaye na faɗa, ciyawa ce ke shan wahala. A 1708 Gray ya aika wa ƙungiyar wasiƙa mai ɗauke da gwaje-gwajensa na lantarki, ba a buga ta ba. Masana tarihi da dama na ganin kusancinsa da Flamsteed ne ya sa aka riƙa yin watsi da shi a tsawon mulkin Newton, kuma zargin na da ƙarfi, domin sunansa bai fito fili ba sai bayan 1727, shekarar da Newton ya mutu.

Ya yi ɗan aiki a ɗakin duban taurari na Cambridge, ya koma gida, daga baya ya zauna a Landan yana taimaka wa wani mai nuna gwaje-gwajen kimiyya, John Desaguliers, a bakin wurin kwana. A wajajen 1720 ya samu gurbi a Charterhouse, gidan da wani attajiri, Thomas Sutton, ya yi waƙafinsa a 1611 domin dattawan da duniya ta juya wa baya, haɗe da makarantar yara. A nan ya samu ɗaki da abinci da kuma lokaci.

Murfin da ya ja gashin tsuntsu

A zamanin babu batir, babu janareta, babu ƙwan fitila. Abin da ake kira lantarki bai wuce abin wasa ba: a goga gilashi ko ƙaro da busasshen hannu, sai ya riƙa jawo gashin tsuntsu da 'yan ƙananan takardu. Yaran Gusau sun san irinsa. A tsakiyar hunturu idan aka goga biro a gashin kai yana ɗaukar yagaggiyar takarda, kuma mai cire rigar sanyi cikin duhu yakan ji ƙas-ƙas har ya ga tartsatsi. Masana na wancan lokaci sun ɗauka cewa wannan ƙarfi yana maƙale ne a jikin abin da aka goga, ba ya zuwa ko'ina.

A watan Fabrairun 1729 Gray na gwaji da wani bututun gilashi mai tsawon kusan mita ɗaya. Ya toshe bakunansa biyu da toshiyar kwalba ta ɓawon itace don kada ƙura ta shiga. Da ya goga bututun sai ya ga gashin tsuntsu ya tashi ya nufi toshiyar, alhali ita ba a goge ta ba. Ashe ƙarfin ya tsallaka daga gilashin ya shiga cikinta.

Wani da ya yi mamaki ya wuce. Gray sai ya soka ɗan ƙaramin tsinke a toshiyar, ya kafa ƙwallon hauren giwa a ƙarshensa. Ƙwallon ma ya ja gashin. Ya sa sanda mai tsawo, ya sa sandar kamun kifi, ya sa waya, ya sa igiyar rama irin ta ɗaure kaya. Ya rataya buta da tsabar kuɗi da duwatsu da ganyaye a ƙarshen igiyar, duk suka ɗauki ƙarfin. Da ɗakinsa ya yi masa kaɗan sai ya tafi ƙauye gidan abokinsa John Godfrey a yankin Kent, ya hau baranda ya sako igiya ƙasa, nan ma ƙwallon ya yi aiki.

Matsala ta taso da ya so ya miƙa igiyar a kwance. Dole a tallafe ta don kada ta taɓa ƙasa, sai ya rataye ta da wata guntuwar igiyar rama a jikin ƙusa da ke kafe a azara. Ƙwallon ya yi shiru. Gray ya fahimci cewa ƙarfin ya bi ta madaurin ya tsere cikin ginin.

Ranar da alharini ya tsinke

A farkon Yulin 1729 ya kai matsalar gidan wani abokin nasa, Granville Wheler, mai babban gida a Otterden. Wheler ya ba da shawarar a tallafi igiyar da zaren alharini. Gray ya amince, amma dalilinsa kuskure ne. A tunaninsa, tun da alharini siriri ne ƙwarai, ƙarfi kaɗan ne zai iya zurarewa ta cikinsa, kamar yadda ƙaramar ɓula ke zubar da ruwa kaɗan. Suka gwada a dogon zauren gidan, abu ya yi kyau a tsawon ƙafa 80, ya sake yi a ƙafa 147.

Suka koma rumbun gona don samun fili. A ƙafa 293 igiyar ta yi nauyi, alharinin ya tsinke. Tun da a ganinsu siranta ce sirrin, sai suka nemi siririn abu mai ƙarfi. Suka sa siririyar wayar ƙarfe, ita ma ta katse. Suka sa ta tagulla, ta riƙe igiyar daram. Aka yi ta gugar bututu, ƙwallon da ke can ƙarshe ko motsa gashin bai yi ba.

A nan ne gaskiya ta bayyana musu. Wayar tagullar siririya ce, amma ta kwashe ƙarfin gaba ɗaya. Kenan alharini ya yi aiki ne saboda alharini ne, sirantarsa ba ta da hannu a ciki. Suka koma masa, wannan karo mai kauri, kuma ba da daɗewa ba suka tura lantarki tsawon ƙafa 765, fiye da mita 230. A shekarar da ta biyo sun kai ƙafa 886. Igiya ce a miƙe a kan sanduna, abin da ke tare wuta yana riƙe da abin da ke wucar da ita. Fasalin ke nan da ke tsaye yau a hanyar Gusau, illa dai alminiyom ya maye gurbin rama, tangaran ya maye gurbin alharini.

Gray bai san dalilin bambancin ba, kuma babu wanda ya sani sai bayan da J.J. Thomson ya gano ƙwayar ilaktiron a 1897. A cikin ƙarfe, wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi a sake suke, suna yawo daga wannan gefe zuwa wancan, don haka da an tura su sai su gudana. A gilashi da roba da alharini kuwa a ɗaure suke. Shi ya sa wayar gida jan ƙarfe ce a ciki, roba a waje, kuma shi ya sa filayar mai gyaran wuta ke da riga a mariƙinta.

To ita igiyar rama fa, da ba ƙarfe ba ce? Laima ce sirrinta. Rama tana tsotsar danshin iska, ruwan da ke ɗauke da gishiri da datti kuwa hanya ce ga lantarki. Wannan batu ya fi sauran muhimmanci ga mai zaune a Zamfara. Busasshiyar sanda a watan Janairu tana iya tare wutar gida, amma sandar nan idan ta jiƙe a watan Agusta ba abin dogaro ba ce. Haka turken katako da ruwa ya daka, haka damshin ƙasa kusa da wayar da iska ta tsinka. Manyan wayoyin kan titi kuma tsirara suke, iska da tangaran kaɗai ke tsakaninsu da jama'a, kuma ƙarfin wutarsu ya wuce a taɓa su da kowace irin sanda, busasshiya ko jiƙaƙƙiya.

Yaron da aka rataya

Gwajin da ya fi fito da sunan Gray shi ne na watan Afrilun 1730. Ya rataya wani yaro ɗan shekara takwas zuwa tara a kwance, a kan igiyoyin gashi masu tare lantarki, ya kusanto da gogaggen bututu wajen ƙafafunsa. Sai ga 'yan falle-fallen tagulla da aka ajiye a ƙasa suna tashi sama zuwa fuskarsa. Wutar kaɗan ce, ba ta cutar da shi ba, amma ta tabbatar da cewa jikin ɗan Adam yana cikin sahun masu wucar da lantarki. Daga baya abin ya zama wasan nishaɗi a fadodin Turai, masu kallo na tafi, da yawansu ba su san sunan tsohon da ya fara ba. Darasin da ke ciki dai ba na dariya ba ne: tsuntsu na sauka kan waya lafiya saboda wuta ba ta da hanyar fita ta jikinsa, mutumin da ƙafarsa ke ƙasa kuwa shi ne hanyar.

A Faransa, Charles du Fay ya maimaita gwaje-gwajen Gray, ya yaba masa a rubuce, sannan a 1733 ya gano cewa cajin lantarki iri biyu ne. Desaguliers, wanda Gray ya taɓa yi wa hidima, shi ya yaɗa kalmar da ɗalibai ke kira kwandakta, wadda asalinta ɗaya da kwandastan mota, wato mai rakiya.

Girmamawa ta zo a makare, amma ta zo. Royal Society ta ba shi lambar yabo ta Copley a 1731, shi ne mutum na farko da ya karɓe ta, ta sake ba shi a 1732, sannan ta shigar da shi cikin mambobinta. Lambar nan ce daga baya aka ba Benjamin Franklin da Michael Faraday da Albert Einstein. A ɗaya daga rubuce-rubucensa na ƙarshe Gray ya nuna cewa tartsatsin da yake samarwa da walƙiyar sama kamar jinsi ɗaya ne, shekaru kafin Franklin ya tabbatar da hakan a 1752.

Ya mutu a Landan a watan Fabrairun 1736 yana da shekara 69. Bai bar hoton zane ba, kabarinsa kuma babu alama. Kwana ɗaya kafin rasuwarsa sakataren ƙungiyar, Cromwell Mortimer, ya zauna a bakin gadonsa yana rubuta gwajinsa na ƙarshe. Tsohon ya koma ga taurarin ƙuruciyarsa: ya yi imani cewa ƙaramin abu da aka riƙe da zare yana kewaya ƙwallo mai caji daga yamma zuwa gabas, kamar yadda duniyoyi ke kewaya rana, yana fatan ta nan za a gane abin da ke juya su. Bayan mutuwarsa Wheler ya sake gwajin a tsanake, ya gano cewa hannun mai riƙe da zaren ne ke motsa shi ba tare da ya sani ba.