Homer Smith, masanin da ya buɗe hanyar auna jinin da ke ratsa ƙoda

An haifi Homer William Smith a birnin Denver na ƙasar Amurka a shekarar 1895. Ya samu digirin digirgir a Jami'ar Johns Hopkins a 1921, kuma daga 1928 ya koyar da ilimin aikin gaɓoɓin jiki a Jami'ar New York har fiye da shekaru talatin.

Kifi ne ya fara jan hankalinsa zuwa ga ƙoda. Ya je Gabashin Afirka domin nazarin gaiwa, wadda ke shafe rani a cikin busasshen taɓo ba tare da yin fitsari ba. Daga nan ya koma kan ƙodar ɗan Adam, wadda ke karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa.

A wancan zamani babu hanyar ganin wannan jini a jikin mai rai. Smith da abokan aikinsa suka nemi sinadarin da ƙoda ke kwashewa kusan ƙarƙaf da zarar jini ya ratsa ta. A 1945 suka tsayar da sinadarin PAH: ana ɗura shi ta jijiya, a auna yawansa a jini da fitsari, a lissafa jinin da ya wuce. Littafinsa kan ƙoda na 1951 ya zama abin dogaron likitoci.

Sai dai hanyar tana ɗaukar sa'o'i, tana haɗe ƙodoji biyu a lissafi guda, kuma ingancinta na raguwa idan ƙoda ta kamu da cuta, wato daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Wannan giɓi ne masu binciken na'urar MRI ke ƙoƙarin cikewa. Tun farkon shekarun 1990 ake amfani da maganaɗisu wajen yi wa ruwan jini alama kafin ya shiga gaɓa, ba tare da allura ba, domin a auna kowace ƙoda ita kaɗai. Babbar matsalar ita ce ƙoda na motsi da numfashi. Har yau, ana gwada sahihancin sababbin dabarun da ma'aunin Smith.

Ya rasu a New York a watan Maris na 1962. Ƙungiyar likitocin ƙoda ta Amurka na bayar da lambar yabo da sunansa.