Florence Greenberg, Matar Gida Mai Kamfanin Faifai

Labarinmu na yau na wata mutuniyar Amurka ne.

A Ingila akwai masu tara tsofaffin faya-fayan garmaho na waƙoƙin baƙaƙen Amurka da ake kira soul, suna bin diddigin mawaƙan da duniya ta manta da su. Sau da yawa sunan Scepter ko Wand suke gani a jikin faifan. To, ku sani mace ce ta kafa kamfanonin nan biyu.

An haifi Florence Greenberg a 1913. Matar aure ce a garin Passaic na jihar New Jersey, zaman gida ya ishe ta. A 1957 'yarta ta ji wasu 'yan mata huɗu na makarantarsu suna waƙa, ta haɗa su da mahaifiyarta. Su ne suka zama Shirelles. Florence ta buɗe Scepter a 1959, a 1961 kuwa waƙarsu ta zo ta ɗaya a duk Amurka. Dionne Warwick ma a hannunta ta yi suna.

Amma da 'yan matan suka kai shekara 21 suka nemi kuɗin da aka ce ana ajiye musu, ba su same shi ba, har magana ta kai kotu.

An rufe Scepter a 1976, Florence kuma ta rasu a 1995.

Ƙannena 'yan makaranta, in kuna da baiwa kada ku ɓoye ta, amma kada ku sa hannu a takarda sai kun san inda kuɗinku zai shiga.