Marigayi Cif Hubert Ogunde, Jagoran Ƙungiyar 'Yan Wasan Kwaikwayo

Duk wanda zai ba da tarihin wasan kwaikwayo a Nijeriya tilas ne ya fara da sunan Cif Hubert Ogunde, mutumin da ya mai da wasa sana'a, ya nuna gwagwarmayar 'yan ƙwadago a dandali, daga bisani kuma ya haɗa kan abokan sana'arsa cikin ƙungiya guda.

An haifi Ogunde ran 10 ga watan Yuli, 1916, a garin Ososa kusa da Ijebu-Ode, cikin Jihar Ogun ta yanzu. Ya fara da aikin koyarwa, sa'an nan a 1941 ya shiga aikin ɗan sanda. Yana cikin wannan aiki ne ya shirya wasansa na farko a 1944, aka nuna shi a zauren Glover da ke Ikko. Karɓuwar da wasan ya samu ita ta ƙarfafa masa gwiwa ya tuɓe kaki, ya kafa ayarin 'yan wasa na kansa. A wancan zamani abin mamaki ne a ce mutum ya bar albashin Gwamnati ya rungumi sana'ar da jama'a ke ɗauka ta marasa aikin yi ce.

A watan Yuni na 1945 dubban ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya da sauran ma'aikatun Gwamnati suka shiga yajin aikin gama-gari, suna neman ƙarin kuɗi saboda tsadar rayuwar da yaƙin duniya na biyu ya haddasa. Yajin ya yi fiye da makonni shida, Michael Imoudu kuwa yana cikin manyan jagororinsa. Ogunde ya tsara wasa a kan wannan al'amari mai suna Strike and Hunger, wato yajin aiki da yunwa, inda ya fito da halin da leburori ke ciki. Talakan da bai iya karanta jarida ba sai ga shi yana kallon damuwarsa da idonsa, abin da bai yi wa Turawan mulki daɗi ba.

Ran 18 ga watan Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan masu haƙar kwal a Iva Valley kusa da Inugu, suka kashe mutum 21. A shekarar da ta biyo baya Ogunde ya fito da Bread and Bullet, wato burodi da harsashi. Da ya kawo wasan Arewa, hukuma ta hana nuna shi a Kano, aka gurfanar da shi gaban kotu, aka ci shi tara.

Samun mulkin kai bai raba shi da irin wannan fitina ba. A 1964 Gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Akintola ta haramta wa ayarinsa yin wasa a duk faɗin jihar saboda wasan Yoruba Ronu, wanda aka fassara shi da cewa suka ne ga masu mulki. Jihar Yamma kuwa nan ne babbar kasuwarsa, ga shi matansa da 'ya'yansa su ne ƙashin bayan ayarin, saboda haka hanin ya taɓa tukunyar gida gaba ɗaya. Sai a 1966, bayan sojoji sun karɓi mulki, aka ɗage shi.

Waɗannan abubuwa sun nuna a fili cewa shi ma ɗan wasa ɗan ƙwadago ne, kuma ya fi sauran rauni. Ba shi da albashi tsayayye, ba shi da fansho, yana yawo gari-gari a babbar mota, yana biyan hayar zaure daga kuɗin ƙofa, takarda ɗaya daga ofis kuma ta isa ta rufe masa hanyar abinci. A farkon shekarun 1970 Ogunde ya jagoranci kafa ƙungiyar 'yan wasa da marubutan wasan kwaikwayo ta Nijeriya, wadda daga baya aka san ta da sunan ANTP, shi ne kuma shugabanta na farko. Ta haka ayarori masu yawa da a dā kowa ke cin gashin kansa suka sami baki ɗaya na yin magana da hukuma.

A ƙarshen rayuwarsa ya juya ga shirya fim, ya fara da Aiye. A 1986 Gwamnatin Tarayya, wadda magabatanta suka sha hana shi wasa, ta ɗora masa nauyin haɗa ayarin 'yan wasa na ƙasa. Ya rasu a Landan ran 4 ga watan Afrilu, 1990, yana da shekara 73, jim kaɗan bayan ya fito a fim ɗin Mister Johnson wanda aka ɗauka a yankin Jos.

Tsintsiya sai da maɗauri take shara. Wannan shi ne gadon da Ogunde ya bar wa mawaƙa da makaɗa da 'yan wasan ƙasar nan.