Kamala Sohoni: Mai Binciken Sinadaran Abinci

Ya kai mai karatu, ko ka san abin da ke cikin wake da madara wanda ke gina jikin yaro? Ga tarihin wata mace da ta ba da rayuwarta ga binciken wannan al'amari.

Tasowarta

An haifi Kamala a garin Indor na ƙasar Indiya a shekarar 1911. Mahaifinta masanin kimiyyar sinadarai ne. Ta kammala digirinta na farko a Jami'ar Bombay a 1933, sannan ta nemi shiga babbar cibiyar kimiyya ta Bangalor. Shugaban cibiyar, C. V. Raman, ya hana ta don ita mace ce. Ba ta karaya ba, ta nace har aka karɓe ta a kan gwaji na shekara guda. Ƙwazon da ta nuna ya sa aka buɗe wa mata ƙofar cibiyar. A can ne ta binciki sinadarin gina jiki da ke cikin madara da dangin wake.

Aikinta

A 1937 ta tafi Jami'ar Kambirij a Ingila, inda ta yi nazarin inzayim. Inzayim wani sinadari ne da ke hanzarta aiki a jikin mutum da dabba da tsiro. Ka lura da gero idan ya tsira: garinsa yakan tsinka kunu mai kauri, ya ƙara masa zaƙi. Wannan aikin inzayim ne. Kamala ta yi gwaji da dankalin Turawa, ta gano a cikinsa sinadarin da ke taimaka wa tsiro samun ƙarfi daga abincinsa. Ta sami digirin digirgir a 1939, ta koma gida.

A garin Kunur ta yi bincike kan bitamin. Daga 1947 ta zauna a Bombay, ta koyar a cibiyar kimiyya ta birnin, har ta zama shugabarta. A nan ta binciki nira, wato ruwan zaƙi da ake tatsa daga dangin dabino tun bai yi tsami ba. Ta tarar yana ɗauke da bitamin A da C da sinadarin ƙarfe. Da aka riƙa ba yara masu tamowa da mata masu ciki, lafiyarsu ta inganta. Wannan aiki ya sa ta sami lambar yabo ta shugaban ƙasa. Ta rasu a birnin Delhi a 1998.

Darasi gare ka

Kamala ta nemi maganin tamowa a cikin abinci mai araha da talaka ke iya samu. Haka yake a Ƙwanni da Malbaza da Illela. Rashin bitamin A yana kawo dundumi, rashin sinadarin ƙarfe kuma yana kawo ƙarancin jini. Saboda haka ka haɗa wa iyalinka gero da wake. Ka ƙara musu zogale da kabewa da mangwaro da hanta gwargwadon hali. Ka kai yara daga wata 6 zuwa shekara 5 wurin likita su karɓi bitamin A. Sannan kada ka cire ɗiyarka daga makaranta, domin ilimin mace guda kan amfani al'umma baki ɗaya.