Fox Talbot, Uban Nagatif

Duk wanda ya taɓa karɓo hoto daga sutudiyo tare da ɗan baƙin fim ɗin nan da muke kira nagatif, ya ci moriyar aikin William Henry Fox Talbot, Baturen Ingila da aka haifa a shekara ta 1800.

Masanin lissafi ne, amma hannunsa bai iya zane ba. A 1833, a bakin tafkin Komo na ƙasar Italiya, ya yi ta fama da fensir abin ya faskara, sai ya ƙudurta sa haske ya yi masa zanen. A 1835 ya jiƙa takarda da ruwan gishiri da sinadarin azurfa, ya ɗauki tagar gidansa na Lacock. Fari ya fito baƙi, baƙi ya fito fari. Idan aka ɗora wannan takarda kan wata aka shanya a rana, hoton gaskiya ya bayyana, kuma ana iya maimaitawa sau ɗari.

Sai dai ya yi jinkirin sanarwa, har Bafaranshe Daguerre ya riga shi a 1839, ko da yake hoton Daguerre ƙwaya ɗaya ne tak, ba ya kwafuwa. Talbot kuma ya ƙara ɓata wa kansa da neman kuɗin lasisi daga masu hoto tun daga 1841, abin da muke ganin kuskure ne babba. Ya rasu a 1877.

A yau masu sha'awar tsohuwar hanyar kan juya hoto a kwamfuta, su buga nagatif ɗin da firinta mai fesa tawada a kan leda garai-garai, sannan su ɗora shi kan takardar gishiri irin ta Talbot su kai rana.